Abin da Ya Hana Ƴar Wake Tafiya

Zango, Wagadugu

Zuwa ga ƴata, takwarar mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki gaisuwar da ban iya yi miki da kyau ba a tasha. Ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya sa ɗakin da suka ba ki a bayan lakwal, makarantar da za ki koyar, ba ya yoyo, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, innarki za ta yi wannan. Maganar Ƴar Wake ce. Kin saƙa mata kwando da hannunki, kin shimfiɗa mata tsumma a ciki, da safen tafiyarki na ce ba za ta je ba, ban kuma ƙara komai a kai ba. Kin hau mota da kwandon babu kowa a ciki, kin ce mini "sai wata rana, Baba" idonki yana kan direba. Na san abin da kika ɗauka. Kin ɗauka na riƙe kazar ne don ita ce abu mai rai na ƙarshe da ya fito daga hannun kakarki Hajiya kafin ta rasu, alhali ke ta ba wa, ba ni ba. Da muka dawo gida innarki ta ajiye mayafinta ta ce, "Malam, kai da kake rubuta atishawar kaji a littafi kullum, ka kasa buɗe baki ka yi wa ƴarka bayani." Gaskiya ta faɗa. Bakina ba ya sauri, sai na zauna da biro nake sanin abin da nake nufi. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, don dalilin ba ya fitowa sai na bi ta kan kurakuraina.

Na farko kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Damina ce, kajin gidan nan suka fara atishawa, idanunsu na ruwa. Na ce mura ce, mura kuwa iska ke kawo ta, saboda haka a raba su da iska. Kin san ɗakin goron kakanki, wanda ke kusa da rijiya, mai ƴar taga ɗaya. Can na kwashe su na kai. Hajiya da kanta ta kawo tsofaffin buhuna muka toshe tagar, muka cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Kafin in fita, hannuna ya ɗauki buta ya yayyafa ruwa a ƙasa, ban ma yi tunani ba, don tun ina yaro ban taɓa fita daga ɗakin nan ban yayyafa ruwa ba. Babu wanda ya ga aibin abin a gidan. Mu jikokin fataken goro ne. Abin da muka gada shi ne idan abu yana da daraja a shimfiɗa masa ganye, a jiƙa, a naɗe, a ɗaure tamau, a kai shi inda iska ba ta kaiwa. A gidanmu idan an ce huhu, ƙunshin goro yaro yake fara ganewa. Sai ya girma yake jin cewa akwai wani huhun a cikin ƙirjinsa.

Bayan ƴan kwanaki atishawar ta koma kakari. Abokina Rasmane, Bamoshen nan da muka yi kwalej tare, ya biyo ta gidan a kan babur, wato mobilet ɗinsa, na ja shi ya gani. Yana tura ƙofar ya ja da baya yana murza ido, don warin kashin kaji da laima ya cika ɗakin har yana yaji. Ya daɗe yana tari kafin ya samu bakin magana.

Ya ce, "Ku mutanen Zango, duk abin da kuke so sai kun jiƙa shi kun ƙunshe. Allah Ya taimaki matanku da ba sa shiga huhu."

Hajiya tana daga tsakar gida ta ce masa ai da Mosawa sun iya ƙunshe abu da ba su sayar wa kakanninmu ƙasar Zango a kan goro ba. Suka yi ta yi, ni kuwa ina tsaye ina kallon buhunan da na toshe taga da su. Muka fito da kajin rana, muka share ɗakin. Waɗanda ba su yi nisa ba suka warware ba tare da wani magani ba. Sauran muka rasa su.

Saboda haka idan kika gina akurki, ki bar masa hanyar iska ta sama, kusa da rufi, yadda za ta wuce ta kan kawunansu ba ta doke su kai tsaye ba. Ƙasa ta zama busasshiya kullum. Ki riƙa tsugunawa ki kai hancinki daidai tsayin kaza, ba tsayinki ba. Idan kika ji yaji a ido, su sun daɗe suna jin sa. Kuma kada ki ba su hatsin da ya yi fumfuna don kina jin asarar zubarwa, ƙurar fumfunar nan tana shiga ƙirjin ƴan tsaki.

Kuskure na biyu kalma ce. Duk kazar da ta yi wani sauti da maƙogwaronta sai in ce mura. Tunda sunan ɗaya ne, maganin ma ɗaya na riƙe: ƙwayar nan ja da rawaya da masu talla ke yawo da ita a bakin kasuwar Rood Woko. In ɓare ta in zuba garin a ruwan sha. Wani lokaci su warke, in ce ƙwaya ta yi aiki. Yanzu ina zaton da yawansu da kansu suka warke, ƙwayar ta karɓi godiya.

Wata shekara da shigowar ɗari abin ya zo da wata kama. Kaza ta miƙa wuya ta buɗe baki tana neman iska, ta saki fukafukai, kashinta ya zama kore shar. Wadda ta kwana biyu ba ta mutu ba sai wuyanta ya murɗe, kai ya juya tana kallon sama tana zagaya wuri ɗaya. Na ƙara ƙwaya a kan ƙwaya. Maƙwabta suna ta zubar da nasu a bola. Mosawa suna da sunan abin, no-kum suke cewa, wato mutuwar kaji, ba su ɓata lokaci wajen kiransa mura ba. Da na ga akurki ya kusa zama wayam, na sa wadda ta mutu da safen nan a leda na ɗaure a bayan mobilet na tafi unguwar Dasasgo wurin likitan dabbobi.

Ya saurare ni, ya tambayi yadda kashinsu yake da yadda suke mutuwa, ya ce wannan annoba ce da ba ta da magani ko a wurinsa, rigakafi kawai take ji, kuma kafin ta zo ake yi. Da na ce ni na ɗauka murar ce ta sauka musu a huhu, sai ya sa safar hannu ya ce in matso in ga inda numfashin kaza yake tafiya.

Uwata, na yanka kaji tun kafin in yi aure, na fige, na fasa ƙirji, ban taɓa ganin abin da mutumin nan ya nuna mini ba, don wuƙata tana fasa shi kafin idona ya kai. Ya ɗaga ƙashin ƙirjin a hankali. Huhun ƙarami ne, manne da haƙarƙari, bai kai yadda nake zato ba. Amma gaba da shi da bayansa akwai wasu jakunkuna, sirara fiye da ɓawon albasa na ciki, ana hango hanji ta cikinsu kamar ta gilashi. Ya zura ɗan bututu a maƙogwaron ya matsa iska da wata roba, sai ga su suna tashi ɗaya bayan ɗaya, har cikin ciki, har gindin fiffike. Ya ce su ne suke zuga iska kamar zugazugin maƙeri, huhun yana zaune ne kawai iska tana ratsa shi, tana shiga tana wucewa, ko tsuntsun yana jan numfashi ko yana saki. Ya ce iskar tana shiga har cikin wasu ƙasusuwan. Na tambaye shi sau biyu ko na ji daidai, ya ce daidai na ji, ƙashin fiffiken kaza akwai iska a cikinsa.

Na fito na zauna a kan mobilet ban tayar ba. Abin da nake kora da ƙafa idan ya shigo mini ɗaki, abin da yake tonon bola a bayan masallaci, ashe an gina masa ɗakunan iska a jiki da kyan da babu maginin da zai kwatanta. Na ce Subhanallah, na sake cewa. A nan na gane dalilin da ya sa ɗan wari ko ƴar ƙura da ba za su dame ni ba suke kayar da kaza: abin da ta shaƙa ba ya tsayawa a ƙirji, ko'ina yake zuwa. Har yau idan zakara ya yi cara ina tsayawa in kalli yadda dukan jikinsa ke cika kafin sautin ya fito.

Ga yadda nake duba su tun daga lokacin, ki ɗauka ko ki gyara. Da asuba bayan salla, kafin ki buɗe akurki, ki tsaya a bakin ƙofa ki yi shiru. Lafiyayyar kaza ba a jin numfashinta. Idan kika ji wani abu kamar ruwa yana tafasa a ƙaramar tukunya, ki nemo mai yin sa. Ki ɗauke ta ki kara bayanta a kunnenki. Ki dubi ido, ko akwai kumfa ko kwantsa. Ki matsa gefen hancin kaɗan ki ga ko majina za ta fito, ki sansana. Ki duba gashin kafaɗarta, don a nan suke goge hanci, idan ya manne ya yi dauɗa ta daɗe tana fama. Sannan ki dubi kashin da suka kwana a kai. Atishawa da ruwan ido kawai, kaza tana ci tana tono, yawanci wurin kwana ne ya ɓaci, ki gyara shi ki jira. Ɗan tsako mai miƙa wuya yana hamma yana girgiza kai, ba majina, zai iya zama tsutsa ce a maƙogwaro ko fumfuna, ki tambayi masani kada ki zura masa komai. Koren kashi da murɗewar wuya da mutuwa a jere, no-kum ne, ki raba masu lafiya da sauran, ki binne matattun da zurfi. Idan kuwa suka zube da yawa a yini ɗaya, zankonsu ya yi baƙi-baƙi, kada ki taɓa da hannu, kada ki bari a yi saurin yankawa don a ci, ki aika a kira ma'aikacin dabbobi. Duk shekara kafin ɗari ki nemi mai allurar rigakafi, ko da kajin naki ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ƙwayar kasuwa kuma ki bar wa masu tallarta.

Yanzu na zo kan Ƴar Wake.

Bara, kina makarantar horon malamai, mahaifin Rasmane ya rasu, na bi shi ƙauyensu gaisuwa. Kin san al'adarsu, baƙo ba ya komawa hannu sake. Da zan taho babban wansa ya miƙo mini jan zakara da hannu biyu, lafiyayye, ƙirji a cike, ido tar. Na san ya kamata in ware shi. Ni da na ga jakunkunan nan da idona, na sani. Amma Rasmane ya rako ni har gida, yana tsaye a tsakar gida, sai na ji idan na ɗaure zakaran ɗan'uwansa a lungu kamar mai kuturta, na zagi gidan da ke cikin makoki. Na kwance masa ƙafa na sake shi cikin kajinmu, muna kallo yana ta yi musu fankama, muna dariya.

Mako bai cika ba fuskokinsu suka fara kumbura. Wannan ba irin na baya ba ne. Ba sa mutuwa da sauri, amma gefen ido yana tashi kamar an cusa gyaɗa a ƙarƙashin fata, hanci yana zubar da majina mai kauri, da wani wari da idan kika ji shi sau ɗaya ba za ki sake kiransa mura ba. Ƴar Wake ta fi kowa shan wuya. Idanunta biyu suka rufe ruf, ba ta ganin hatsi, tana tsaye a gindin bango tana saran iska. Kina tsakiyar jarrabawa, na hana innarki gaya miki. Likitan ya ce wannan yana jin magani, ya ba ni gari na zubawa a ruwan sha, ya ja mini kunne in cika kwanakin da ya faɗa ko da na ga sun miƙe, kuma kada a ci ƙwansu sai maganin ya fita daga jikinsu. Safe da yamma ina wanke mata ido da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, innarki tana dama mata dusa da ruwa-ruwa tana ɗura mata da yatsa tana yi mata faɗa, wai ita Hajiya ma ba ta ba ta wahala haka ba. Ranar da ido ɗaya ya buɗe, wata ƴar tsaga ce kawai, ta juya kai ta auna ƙwayar gero ta sare ta daidai. Na daɗe ban ga abin da ya girgiza ni kamar wannan ba. Kan da ya kumbura har ya ɓata kama ya koma daidai, gashi ya fito, ta koma yin ƙwai. Da kika zo hutu kin ɗauke ta kin ce ta yi ƙiba.

Jan zakaran kuwa ko atishawa bai taɓa yi ba.

Ban fahimci ma'anar wannan ba sai bayan watanni, da na sayo ƴan dagwale biyu don in cike gurbin waɗanda suka mutu. A wannan karon na ware su, na ga lafiyarsu ƙalau, sannan na haɗa. Cikin ƴan kwanaki fuskokinsu suka kumbura, namu na gida kuwa ko gezau. Na koma Dasasgo da kunya. Likitan ya ce irin wannan ciwo, kazar da ta warke tana iya riƙe shi a hancinta har iyakar ranta, ita ba ta jin komai, sai dai ta ba wa wadda ba ta taɓa yi ba, ta ruwan sha ko ta numfashi. Ya ce haka zakaran ya kawo mana, haka kuma namu za su kai wa wasu. Na tambaye shi ko akwai yadda za a gane wadda take ɗauke da shi da wadda ta rabu da shi. Ya ce ba da ido ba.

Uwata, ƙauyen da aka tura ki babu akurki mai ƙofa. Kajin gari duka tare suke kiwo, a kasko ɗaya suke sha. Kazar mace a can ita ce maganin ɗanta idan ya kwanta, ita ce abin da za ta tari baƙo da shi, ita ce littafin yaron da zai zauna a gabanki. Ke baƙuwa ce, Bahaushiya daga birni, ba ki da kowa a can sai sunan da za ki yi wa kanki. Na kwana ina ganin matan garin suna bin sawun ciwon gida gida har su iso ƙofar sabuwar malama. Da safe na tashi da wannan a kaina, kika fito da kwando kina murna, abin da ya iya fita daga bakina ke nan, ba za ta je ba.

Za su kawo miki kaji, ki sa rai. Ki karɓa da hannu biyu, ki durƙusa ki yi godiya da Mosanci yadda innarki ta koya miki. Bayan sun tafi ki ware kyautar a wani wuri da kaskon ruwanta daban, mako biyu ko fiye, kina saurarenta da asuba. Ko hakan ba ya kama kowane ciwo, kin ga abin da zakaran ya yi, amma yana kama da yawa. Idan mai kyautar ya gani ya tambaya, ki gaya masa gaskiya. Na gaya wa Rasmane daga baya, ina ta kewaye-kewaye. Ya ce da na faɗa masa a ranar da shi da kansa zai ɗaure zakaran, wai wansa ma bai yarda da kajinsa ba balle ni.

Mai yiwuwa na yi kuskure a kan Ƴar Wake. Mai yiwuwa ta rabu da ciwon tuntuni, na hana ki abinki a banza. Na juya wannan a raina har na gaji, ban samu tabbas ba, kuma ba zan samu ba. Abin da na iya shi ne na sake komawa wurin likitan na tambaye shi wata tambaya. Ya ce irin ciwon da ya gani a kajinmu ba ya shiga cikin ƙwai. Ya ce akwai wani mai kama da shi da yake shiga, ba zai rantse mini ba, amma idan aka ƙyanƙyashe a ware aka sa ido a kan ƴan tsakin, shi da kansa zai yi hakan.

Direban da ya miƙa miki wannan takarda zai ba ki wata ƙwarya a ɗaure da zane. Kada ki girgiza ta. Ƙwan Ƴar Wake ne na wannan makon, duk wanda ta yi tun ranar da kika tafi, innarki tana tsaye a kanta kamar mai karɓar haraji. Na zaɓi masu tsabta, na goge su da busasshen tsumma, ban wanke ba, ke ma kada ki wanke. Suna cikin ƙaiƙayi, ɓangare mai faɗi yana sama. Ki bar su su huta yini guda, sannan ki nemi aron kaza mai kwanci a wurin maƙwabta, ki sa mata su a cikin ɗakin girkinki, ba a waje ba.

Kafin ki sa su, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki kara tocila a ɓangaren nan mai faɗi. Za ki ga wani ɗan fili a ciki, kamar girman farce, babu komai a cikinsa sai iska. An ajiye ta ne tun kafin a halicci mai shaƙarta. Idan kwanci ya kusa cika, wajen mako uku, ɗan tsakon zai huda wannan ɗakin da bakinsa ya ja numfashinsa na farko yana cikin ƙwai, ɓawo bai fashe ba. A ranar ki ɗauki ɗaya a hankali ki kai kunnenki. Za ki ji yana kuka a ciki. Ki rubuto ki gaya mini ko kin ji, ko da sauran takardar duka faɗa ne.

Allah Ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa. Ya ba ki lafiyar jiki da ta numfashi, Ya sa yaran da aka danƙa miki su ji maganarki, Ya sa mutanen garin su zama miki dangi. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya dawo mana da ke lafiya idan hutu ya yi. Innarki tana gaishe ki, ta ce a dawo mata da ƙwaryarta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isiyaku